Ƙofar da Aka Yi wa Katifa

Duk wanda ya san shagon gyaran kujerun nan na bayan tashar mota ya san ƙofarsa, don ƙofar ta fi masu shagon suna. Faɗi dai tana da shi, doguwar kujera takan shige ta a kwance ba ta gogi ko'ina ba. Tsawo ne Allah bai ba ta ba. Baba, mai shagon, shi ya zuba lintar, wato simintin saman ƙofar, da hannunsa tun yana da baƙin gashi, kuma Baba mutum ne da in ya zauna a kujerar da ya gyara ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. 'Ya'yansa biyu, Yaya da Auta, duk shi suka ɗebo. Saboda haka shekara da shekaru suna shige da fice a ƙofar nan kai a miƙe, ba wanda ya taɓa ganin aibinta, sai da Auta ta je ta jajibo musu Dogo.

Dogo kuwa, wanda ya raɗa masa sunan nan bai yi masa ƙarya ba. In ya tsaya kusa da Auta za a ɗauke su hoto, sai mai hoton ya zaɓi ɗaya, ko kansa ko ƙafafunta. Shi ne mai yankan yadi a shagon. Zai dubi kujera sau ɗaya, ya karkata kai, ya sa almakashi, in Auta ta ɗinka a kekenta aka ɗora sai ka rantse da yadin aka haifi kujerar. Ga shi da barkwanci. Yana yanka yana rera waƙoƙin da shi kaɗai ya san inda ya samo su, yana tsokanar Yaya, yana tambayar kujerun mutane wane ƙato ne ya yi musu wannan aika-aika. Auta ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba, abin da ya sa ta aure shi ke nan: mutum ne da ba ya barin ɓacin ranta ya kai azahar.

Farkon zuwansa shagon, goshinsa da lintar nan sun sha haɗuwa. Ana cikin aiki sai a ji ƙum, sai Yaya ya ɗago daga bayan wata kujera ya ce Dogo ya gaida ƙofa. Shi kuma yana murza goshi zai ce ai dole, ta girme shi a gidan. Baba kuwa sai ya gyara zama ya karanta musu karatun da suka haddace tun suna yara: wai da gangan ya yi ƙofar a haka, don duk mai shigowa wurin sana'a ya rusuna tukuna, ƙofar nan ladabi take koyarwa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda aka yi shi da 'ya'yansa ba su taɓa ɗaukar darasin ba.

Auta ta san maganar ladabin nan rufa-rufa ce. Mamansu, Allah ya jiƙanta, ita ke buɗe shagon da safe ta rufe da yamma, kuma ta fi Baba gajarta. Lokacin da zai zuba lintar sai ya tsayar da ita, ya sa ta ɗaga hannu ta yi ɗage, ya auna daidai inda yatsunta suka kai, ya bar wa lintar ɗan baki ya fito waje kamar kanta, don ta riƙa ajiye makulli a kai ba tare da ta taka komai ba. Tun da ta rasu, shi ke ɗage ƙafa kowace yamma ya ajiye makullin a wurin, da safe ya sauko da shi. Duk layin sun san inda makullin yake kwana, amma wa zai ɓata lokacinsa ya saci tsohon soso da karyayyun kujeru?

A hankali jikin Dogo ya koyi ƙofar. Ba sai ya duba ba, da ya iso wuyansa zai ɗan lanƙwasa daidai gwargwado, gashinsa ya shafi siminti ya wuce. Har an fara mantawa da gaisuwar ƙofa.

Sai ranar da hadari ya taso bagatatan, ga farin yadin wata mata mai tsegumi an shimfiɗa a waje ana aunawa. Dogo ya rungumo shi ya sheƙo a guje, idonsa a kan yadin, ya manta da akwai wata linta a duniya. Ƙarar da aka ji, har mai walda na maƙwabta sai da ya kashe injinsa ya leƙo. Dogo ya zauna daɓas a dokin ƙofa, yadin na rungume a ƙirjinsa bai saki ba. Ya tambayi Auta ko an kwashe yadi. Ta ce ai ga shi nan a hannunsa. Ya ce to madalla. Can kuma sai ya sake tambayarta ko an kwashe yadi. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ita kuwa Auta ta durƙusa ta riƙo kansa. Aka duba, ba jini, ƙulu ne kawai ya fito a goshi kamar ƙwan kaza. Aka ɗora ƙanƙara, ya haɗiyi maganin ciwon kai, kafin la'asar ya koma kan teburin yanka yana cewa kansa ya fi simintin Baba ƙwari.

Washegari Auta ta ce a ɗaga lintar nan kowa ya huta. Baba ya shiga neman tabaransa, alhali yana kan hancinsa. Yaya ya ga abin zai zama rigima, sai ya ce ai ba sai an fasa komai ba, shi yana da dabara.

To, ku da ba ku san mutanen nan ba, ku sani babu matsalar da ba su yi imani soso zai magance ta ba. Tebur na rawa, a cusa masa soso. Taga na ƙara in iska ta taso, soso. Famfo na ɗiga ya hana mutum sakat, ba za su kira mai gyara ba, soso za su ajiye a ƙasa don kada a ji ɗigar. Saboda haka da Yaya ya ce zai yi wa lintar katifa, kowa ya ga hankali a ciki, har Auta, don ita ma jinin gidan ce. Ya kuwa zage ya yi aiki kamar na shiga gasa. Ya yanko soso mai kauri, ya shafa gam, ya lulluɓe da leda ruwan ƙasa, ya dasa maɓallai, ya bi gefe da ƙusoshi masu ƙyalli. Wani mai kawo gyara ya tsaya yana kallo, ya ce irin wannan yake so a yi masa a kan gadonsa. Baba ya latsa da babban yatsa, ya ce ko jariri aka buga a nan barcinsa zai ci gaba da yi.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne, wuyan Dogo ya riga ya haddace tsohon awo, soson kuma ya cinye 'yar tazarar da yake tsira da ita. Zai rusuna yadda ya saba, sai a ji buf, kansa ya koma baya. Ba zafi, ba ƙulu, ba abin nunawa. Da ya ga ba zafi kuma sai ya daina kula gaba ɗaya, ya riƙa shigowa da saurinsa, kujera a kafaɗa, buf, ya wuce. Safe buf, rana buf, yamma buf. Auta ta yi ƙorafi, Yaya ya ce ashe soson bai isa ba, ya ƙara wani a kai. Ƙofa ta ƙara sauka. Ba su farga ba sai ranar da ta tuɓe wa Yaya hula, shi da bai taɓa sanin ƙofar na da sama ba.

Auta ta rataya jan ƙyalle a wurin, Dogo ya saba da shi ya daina gani. Ta rataya ƙararrawa, ta zama ita ke sanar da cewa an riga an bugu. Ta koma yi masa kashedi da baki, da ta hango inuwarsa sai ta ce ya duƙa. Mai walda ya ɗauka, mai faci ya ɗauka, har ya zama Dogo ba zai doso shagon ba sai an ji layin gaba ɗaya na cewa ya duƙa. Abin ya zama wasa, kowa na jin daɗinsa.

Ita kaɗai ta lura wasan ya fara ƙarewa daga wajen mai shi. Waƙar ce ta fara ɗaukewa. Sai ya ce a rage rediyo, sai ya ce a kashe. Ya matsar da teburinsa daga bakin taga, wai hasken na soka masa ido. Da rana tsaka sai a same shi a miƙe a kan kujerar mutane, hannu a goshi. Ya yanka wa kujera ɗaya hannun hagu biyu, shi da ko awo ba ya yi. Ya tsaya yana neman almakashi, almakashin na hannunsa. Yaya ya ce ciwon Baba na tabarau ne ya kama shi, aka yi dariya, shi bai yi ba. A gida in ta yi masa magana sai ya dube ta ya ɗan jima kafin ya amsa, kamar maganar daga nesa take tahowa. Auta ta ji tsoro, tsoro na gaske. Mutumin da ta aura yana nan a zaune a gabanta, da tsawonsa da komai, amma tana ji a jikinta ana zare mata shi kaɗan-kaɗan.

Rannan Baba na buga ƙananan ƙusoshi a bayan wata kujera, ƙwas, ƙwas, ƙwas, irin bugun da aka yi shekaru ana yi a shagon ba wanda ya taɓa jinsa. Dogo ya wurgar da almakashi a kan tebur.

"Baba, don Allah ka bar bugun nan haka, ka ishe ni."

Keken Auta ya tsaya. Yaya ya tsaya da gam a hannu. Dogo, da ko kallon surukinsa ido cikin ido ba ya yi, da in Baba ya yi tari shi ke rigan kowa kawo ruwa. Shi kansa sai ya tsaya yana dube-dube kamar wani ne ya yi maganar. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ya yi ta ba da haƙuri, yana cewa bai san abin da ke damunsa ba. Baba ya ajiye gudumar a hankali a kan soso don kada ta yi ƙara.

Da safe Auta ta ce asibiti za su, kuma ba shawara take nema ba. Baba ya ce da shi za a je. Ta ɗauka tausayi ne, sai da suka shiga mota ta ga guntun soso a hammatarsa. Ashe shaida ya ɗauko, don kada wani likita ya ɓata wa kayansa suna.

Likitar mace ce mai fara'a, da alamun gajiya a idonta. Ta sa Dogo ya bi yatsanta da ido, ya yi tafiya a kan layin tayil, ya tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe, nan ya yi tangaɗi sai da Auta ta tare shi da kafaɗa. Ta faɗa masa wasu kalmomi ta ce ya riƙe, da ta tambaye shi daga baya rabinsu sun zube. Ta tura su ɗaukar hoton kai. Hoto ya fito tas, ba tsagewa, ba jini. Baba ya gyara zama ya dubi Auta irin kallon ba-na-faɗa-ba, ya zaro sosonsa ya ɗora a kan teburin Likita, ya ce ta latsa ta ji da kanta.

Ta kuwa latsa. Ta ce gaskiya soso ne mai kyau, ina ma irinsa ne a kujerar da take zaune a kai. Sannan ta ce soson ya yi aikinsa, ya kare fatar goshi, amma ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙoƙon kai ba, a cikin ruwa take zaune. In kai na tafiya ya tsaya farat ɗaya, ita sai ta girgiza a ciki, ko da katifa aka yi karo. Irin wannan girgizar ba ta cika fitowa a hoto ba. Bugun farko, na ranar hadari, shi ne babba, kuma da an bar kan ya huta da wataƙila tuni an manta da shi.

Auta ta tambaya, to waɗannan ƙananan, da ko zafi ba sa yi? Likita ta ce a nan maganar take. Ƙwaƙwalwa tana da nata ƙwayoyin garkuwa, masu gadi ne kuma masu shara. In an bugu sai su taso, su taru a wurin, su kwashe abin da ya lalace, su kawo ɗan kumburin da ido ba ya gani, kuma wannan duk cikin gyara ne. In an bar su, sai su gama su lafa. Amma in wani bugun ya zo ba su gama lafawa ba, ko da ƙarami ne, sukan taso da zafin da ya fi na farko, su daɗe ba su kwanta ba, har aikinsu ya fara taɓa wuraren da lafiyarsu ƙalau. Ta ce ba za ta yi musu ƙarya ba, har yanzu ana kan binciken abin, yawancinsa a kan dabbobin gwaji da 'yan wasan da ke yawan buguwa, kuma ba za ta iya leƙawa ta nuna musu ba. Abin da ta tabbata shi ne, kan da bai warke ba ba a sake buga shi.

Baba ya murza haɓa. Can ya ce shi bari ya faɗa yadda ya gane. In an kawo tsohuwar kujera, akan sa mutum ya farke yagaggen yadin ya ciccire tsofaffin ƙusoshi. In ka faɗa masa sau ɗaya ka ƙyale shi, zai cire abin da ya mutu ya bar mai rai. Amma in kana tsaye a kansa kana yi masa tsawa, bai huce daga wannan ba ka ƙara masa wata, to zai rikice ya yi ta fizga har ya haɗa da katakon. Ya ce ya taɓa yi wa Yaya haka, kujera lafiyayya ta tashi daga aiki.

"Kusan haka ne, Baba," in ji Likita. "Masu gyaran da ke cikin kansa kullum ana yi musu tsawa. A bar su su huce."

Ta ce ya huta a gida, ya rage haske da hayaniya, sannan ya koma aiki kaɗan-kaɗan in ciwon kan ya lafa. Yawancin mutane suna dawowa daidai, in dai an daina bugun. Da Auta ta kwatanta mata ƙofar, sai ta ce to abu biyu ne, ko a ƙara wa ƙofar tsawo ko a rage mijin, ita kuma ba a koya mata rage mutane ba. Dogo ya ɗan murmusa, karo na farko cikin kwanaki. Da za su fita Baba ya ce wa Likita ta ɗan tashi, ya shimfiɗa mata guntun soson a kujerarta, ya fice bai waiwayo ba.

Dogo ya zauna a gida, labule a sake. Shago ya yi tsit, ba waƙa, ba tsokana, yankan Yaya kuma sai an yi ta jan yadi ana addu'a kafin ya rufe kujera. Baba ya sa aka ɓamɓare katifar ƙofa, Yaya na cire maɓallan ɗaya-ɗaya kamar mai zaman makoki. Auta ta zuba ido ta ji an kira magini. Shiru. Kowace yamma Baba zai rufe, ya ɗage ƙafa ya ajiye makullinsa, ya ce sai da safe.

A gida kuwa sauƙi na samuwa. Wata safiya tana kicin ta jiyo shi daga ɗaki yana rera waƙar nan tasa marar kai da gindi, a hankali, yana saɓa mata kamar kullum. Ta tsaya da kofi a hannu ta yi kukanta ta share. Da ta kai masa shayi ya dube ta ya tambaya ko albasa aka fara sa wa shayi yanzu. Daga nan ya fara maganar komawa aiki. Ya ce kada ta takura wa Baba, ya san labarin makullin, zai riƙa duƙawa har ƙasa in ta kama. Ta ce ai dā ma duƙawar yake yi aka kai inda aka kai, kuma mutumin da hadari ke mantar da shi ƙofa ba a ɗaukar alkawarinsa.

Ta sami Baba shi kaɗai a shagon yana tsinke zare. Ta tsaya a gabansa, ita da ba ta taɓa yi masa irin wannan tsayuwar ba.

"Baba, na san ba maganar ladabi ba ce, don Mama ne. Ni ma ina kewarta kullum. Amma mijina kansa ɗaya ne, na kusa rasa shi yana zaune a gabana, kuma ina son abina."

Baba bai ɗago ba. Ya ja zaren ya tsinke, ya ce, "Ba zan taɓa lintar nan ba, Auta."

Ranta ya ɓaci sosai. Ta ce to shi ke nan, Dogo ba zai sake shiga ta ƙofar nan ba, ita ma haka. Ta sa Yaya ya ɗora mata kekenta a mota, ta koma ɗinki a gida, yana kawo mata yankakken yadi yana karɓar ɗinkakke. Ta hana shi ba ta labarin shago, in ma ya fara sai ta tada keke. Tana jin haushin tsohon, tana kuma jin tausayinsa, abin ya haɗe mata ya hana ta cin abinci da daɗi.

Kwanaki suka shuɗe a haka. Sai ga Yaya wata rana ba yadi a hannu, wando duk busasshen siminti, tafin hannu duk kanta. Ya ce ta taso ta ga abin da ubanta ya sa shi, shi dai an ɗauke shi mai gyaran kujera an mai da shi lebura. Ya ce Baba ya ce a zo da Dogo.

Tun daga bakin layi ta hango lintar na nan daram inda take, har ta juya za ta koma, Dogo ya riƙo hannunta. Da suka matso sai ta ga ƙasan ne ba ya nan. Baba ya sa diga ya haƙe dokin ƙofar, ya yi gangara tun daga bakin titi ta sauka a hankali ta shige ƙarƙashin lintar, sannan ta sake haurawa a cikin shago, an shafe da siminti sumul. Ya ja 'yar kwata a gaba da murfin ƙarfe don ruwan sama, mai walda kuma ya ƙara wa ƙyauren tsawo daga ƙasa. Baba na tsaye a gefe da singileti, hannu a ƙugu, ya rame ya yi baƙi, yana harare-harare kamar wanda aka zo yi wa gardama.

Ya ce ya faɗa ba zai taɓa lintar ba, kuma kowa ya duba ya gani bai taɓa ba. Sannan ya umarci Dogo ya shige. Dogo ya doshi ƙofar, yana isa wuyansa ya lanƙwashe da kansa. Baba ya ce ya dawo, ya miƙe, wa ya ce ya duƙa? Mai walda da mai faci, da suka yi watanni suna cewa ya duƙa, suka koma cewa ya miƙe. Ya sake dosa, ido a runtse, kafaɗu a ɗage, ya shige. Ba buf, ba ƙum, har da sauran fili a sama. Ya fito ya sake shiga, ya sake fitowa, sai da Auta ta ce ya isa haka kada jiri ya ɗebe shi. Yaya ya tambayi Baba ina aka kwana a maganar ladabi. Baba ya ce duk mai gangarowa ai gwiwarsa ta rusuna, ladabin ne ya koma ƙasa.

Ranar Dogo bai yi aikin kirki ba, Auta ba ta bari ba. Ya yanka hannun kujera ɗaya, na dama da na hagu, ya ɗaga su sama ya nuna wa kowa. Baba ya yi bugun ƙusoshinsa a can ƙarshen shago, ya naɗe kan gudumar da ƙyalle.

Da yamma aka kwashe kaya aka ja ƙyaure. Baba ya murɗa makulli ya zare, ya ɗaga hannu, ya ɗage ƙafa yadda ya saba. Hannun bai kai ba. Ya ƙara ɗagewa, yatsunsa suka shafi ƙasan lintar suka zame. Ƙasan da ya haƙe ya tafi da shi ƙasa shi ma. Auta ba ta sani ba ko Baba ya lissafa da haka tun yana haƙan, ko yanzu ya gani tare da su. Yaya ya juya da sauri zai ɗauko abin takawa, Baba ya ɗaga masa hannu ya tsaya.

Ya jima yana juya makullin a tafin hannunsa. Sannan ya miƙa wa Dogo.

"Ungo. Ka lalubo daga dama, akwai ɗan gurbi, nan Mamansu take ajiyewa."

Dogo ya karɓa da hannu biyu. Ya miƙa hannu ya laluba, yatsansa ya faɗa wani ɗan wuri da ya yi santsi saboda shekarun ajiya da ɗauka, ya kwantar da makullin a ciki a hankali. Auta ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi, wannan karon bai tsokane ta ba.

Baba ya gyara tabaransa, ya haura gangarar yana dafa bango. Da ya kai bakin titi ya waiwayo ya dubi surukinsa.

"Gobe ka zo da wuri," ya ce. "Ba na son tsayuwa a waje."